Sarƙar Mutum 70,000: Yadda Masu Zuwa Coci Suka Matsa Aka Yafe Wa Ƙasashe Matalauta Bashi

A makarantar firamaren da na yi akwai wani gini mai azuzuwa uku da muke kira "sabon bulo". A jikin bangonsa an rubuta MDGs da manyan baƙaƙe. Mun yi shekaru muna wasan langa a gindin bangon nan, amma babu wanda ya taɓa tambayar malam ma'anar rubutun. Na tabbata wasunku sun taɓa ganin irinsa a jikin aji, ko famfon burtsatse, ko ƙaramin asibitin unguwa.

Sai da na shiga jami'a na ji cewa da yawa daga cikin waɗannan ayyuka an yi su ne da kuɗin da Najeriya ta daina biya bayan an yafe mata wani kaso na bashin da ake bin ta, a shekarar 2005. Da na bi diddigin yadda aka yi manyan ƙasashe suka yarda su yafe bashi, labarin ya kai ni har Ingila, wurin wani tsohon Di'o da ɗalibansa, da wasu dubban masu zuwa coci da suka riƙe hannun juna a kan titi. Shi ne nake so in ba ku yau.

Yadda bashin ya taru

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙasashe ma haka suke, babu wadda ba ta ci. Amma akwai bashin da ake ci a biya a huta, akwai kuma wanda kullum ana biya yana ƙaruwa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san manomin da ya karɓi buhun hatsi ɗaya da damina a kan zai biya biyu da kaka. In damina ta yi gardama ya kasa biya, baɗi huɗu ake bin sa. Kafin ya ankara, gonar ma ta bar hannunsa.

Kusan haka ya faru da ƙasashe da dama. A 1973 farashin man fetur ya ninka wajen sau huɗu. Ƙasashe masu arzikin mai suka zuba kuɗinsu a bankunan Turai da Amurka, bankunan kuma suka shiga neman wanda za su ba rance. Gwamnatocin Afirka da Kudancin Amurka suka yi ta karɓa. Wani kuɗin an yi hanyoyi da madatsun ruwa da shi, wani an sayi makamai, wani kuma ya zarce aljihun shugabanni. Mobutu na Zayar, ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya shahara a kan wannan, kuma masu ba shi rancen sun san halinsa, amma ba su fasa ba.

Daga 1979 Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa, har ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari a 1981. A daidai lokacin kuma farashin kayan da ƙasashe matalauta ke sayarwa a waje, irin su koko da kofi da tagulla, ya faɗi. A watan Agustan 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biya ba, wasu ƙasashen suka biyo baya. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, suka ba da sabon rance don a biya tsoho, da sharaɗin gwamnatoci su tsuke bakin aljihu. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku labarin SAP, shirin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986. A ƙasashe da yawa wannan tsuke bakin aljihu ya sa aka ɗora wa iyaye kuɗin makaranta da na asibiti. Yaron da uban ba shi da hali sai ya zauna a gida.

Shugabannin Afirka sun koka. Julius Nyerere na Tanzaniya ya tambayi masu bin bashi ko so suke a bar yara da yunwa don a biya su. Thomas Sankara na Burkina Faso, a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a watan Yulin 1987, ya nemi ƙasashen nahiyar su haɗa kai su ƙi biya. Ba a saurare su ba, domin kukan wanda ake bi bashi ba ya tayar da hankalin mai bi. Sai da mutanen ƙasashen masu bin bashin suka soma yi wa nasu shugabannin magana, sannan al'amari ya motsa.

Tsohon Di'o da ɗalibansa

Martin Dent Bature ne da ya yi aikin Di'o a ƙasar Tibi a shekarun 1950, lokacin da Lardin Binuwai ke cikin Jihar Arewa. Ya iya harshen Tibi, kuma bai yanke hulɗa da mutanen ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya koma gida ya zama malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Keele. Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma ya fito daga zuriyar Thomas Fowell Buxton, ɗan majalisar da ya jagoranci yaƙin soke bauta a yankunan mulkin Birtaniya a shekarun 1830.

A 1990 Dent ya kawo wa ɗalibansa shawarar su rubuta takardar koke, su nemi a yafe wa ƙasashe mafiya talauci bashin da ba za su iya biya ba kafin shekarar 2000. Ɗaliban suka sa hannu. Daga baya ya haɗu da Bill Peters, wani tsohon jakadan Birtaniya a Malawi, suka ci gaba da yawo da maganar daga wannan coci zuwa wancan. Ƙungiyoyin agaji na Kirista irin su Christian Aid da CAFOD da Tearfund suka karɓa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 abin ya zama gangami mai suna Jubili 2000, wata mata mai suna Ann Pettifor ta zama jagorarsa.

Mene ne Jubili?

Kalmar daga Littafi Mai Tsarki ta fito. A Littafin Firistoci, sura ta 25, an umarci Bani Isra'ila su keɓe kowace shekara ta hamsin. A busa ƙahon rago a duk faɗin ƙasa, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado a mayar masa, wanda ya faɗa bauta saboda bashi a sake shi ya koma ga danginsa. Sunan wannan ƙaho a harshen Ibrananci shi ne asalin kalmar Jubili. A Maimaitawar Shari'a, sura ta 15, an ce a riƙa yafe bashi duk shekara bakwai. Hikimar dokar ita ce kada talaucin uba ya zama gadon jika, kuma a tuna wa mai dukiya cewa ƙasa ta Allah ce, mutum riƙo kawai yake yi.

Masu gangamin suka ce, tunda duniya na shirin bikin cikar shekara 2000 da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), wane biki ya fi a sauke wa matalauta kaya? Fafaroma John Paul na Biyu ma ya yi irin wannan kira a wata wasiƙa da ya fitar a 1994, inda ya nemi a rage bashin sosai ko a soke shi gaba ɗaya.

Abin lura shi ne ba sadaka suka roƙa ba. Hujjarsu ta adalci ce. Na farko, suka ce laifin rance marar kyau na mutum biyu ne, mai karɓa da mai bayarwa, to don me ɗaya kaɗai zai ɗauki asara? Na biyu, yarinyar da aka haifa a ƙauye a 1995 ba ta sa hannu a takardar rancen da wani soja mai mulki ya karɓa a 1978 ba, amma ita ce aka hana magani da allo don a biya. Na uku, a dokokin ƙasashen Turai da Amurka, kamfanin da ya karye yana da kotun da za ta raba shi da masu bin sa ya sake sabon lale, amma ƙasa ba ta da irin wannan kotu.

Shugaba Olusegun Obasanjo ya taɓa bayyana lissafin Najeriya a shekarar 2000. Ya ce abin da ƙasar ta ranta zuwa tsakiyar shekarun 1980 bai wuce wajen dala biliyan 5 ba, ta biya wajen biliyan 16, amma ana ce mata saura biliyan 28. Kuɗin ruwa da tarar jinkirin biya ne suka haifi sauran.

Ranar da aka kewaye Birmingham

A watan Mayun 1998 shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki, waɗanda ake kira G8, suka yi taro a birnin Birmingham na Ingila. Ƙasashen su ne Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya, Japan, Kanada da Rasha. Ranar Asabar, 16 ga wata, mutum wajen 70,000 suka cika birnin. Da yawansu a motocin haya da coci-cocinsu suka ɗauka suka zo: tsofaffi, matan aure da 'ya'yansu, limaman coci, ɗalibai. Wasu ba su taɓa fita zanga-zanga ba a rayuwarsu. Suka riƙe hannun juna suka yi sarƙa mai tsawon kusan kilomita 10 ta kewaye tsakiyar birnin. Sarƙa ita ce alamar gangamin, don tuna wa mutane sarƙar bayi.

A ranar an kwashe shugabannin zuwa wani gida a karkara, nesa da taron jama'a. Amma da labarin yawan mutanen ya kai musu, Firaminista Tony Blair ya dawo cikin birni ya gana da jagororin gangamin. Ba a yafe bashi a ranar ba. Abin da ya canza shi ne 'yan siyasa sun gane cewa masu jefa musu ƙuri'a sun damu da maganar da a da ake ganin ta masana tattalin arziki ce kawai.

Bayan shekara guda, a watan Yunin 1999, aka sake yin sarƙar mutane a birnin Kolon na Jamus. A can ne manyan ƙasashen suka yi alkawarin sassaucin bashi da zai kai dala biliyan 100.

Ba Kiristoci kaɗai ba

Daga coci abin ya taso, amma bai tsaya a coci ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun shiga, da na likitoci, da na Musulmi da Yahudawa, da mutanen da ba su bin kowane addini. Zakaran damben nan Muhammad Ali ya je Landan a farkon 1999 don mara wa gangamin baya. Mawaƙi Bono na ƙasar Ayalan ya yi ta zarya ofisoshin 'yan majalisar Amurka, kuma a watan Satumban 1999 yana cikin tawagar da ta gana da Fafaroma a kan batun.

Ga Musulmi maganar ba baƙuwa ba ce. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san Alƙur'ani ya haramta riba, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Masu gangamin ba su ɓoye cewa daga littafinsu suka samo hujja ba, ba su kuma ce sai wanda ya yarda da littafin zai riƙe hannunsu ba.

An tara sa hannu daga ƙasashe sama da 150. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. A watan Satumban 2000, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, Shugaba Obasanjo da Bono suna cikin waɗanda suka miƙa wa Babban Sakatare Kofi Annan takardar mai sa hannu sama da miliyan 21. Kafin ƙarshen shekarar adadin ya wuce miliyan 24. A wannan taron ne aka amince da sanarwar da ta haifi muradun ƙarni guda takwas, irin su rage talauci da sa kowane yaro a firamare. Su ne MDGs ɗin da ke jikin bangon makarantarmu.

Me aka samu?

Tun 1996 Bankin Duniya da IMF suna da shirin sassauta wa ƙasashe matalauta bashi mai suna HIPC, amma tafiyar hawainiya yake yi, kuma sharuɗɗansa masu tsauri ne. Matsin lambar Jubili 2000 ta sa aka faɗaɗa shi a 1999, aka kuma ɗaura shi da sharaɗin kuɗin da aka rage su tafi ga yaƙi da talauci. Yuganda ce ta fara cin moriya, ta buɗe asusu na musamman da ke kai kuɗin ga makarantu da asibitoci da ruwan sha. Tanzaniya ta soke kuɗin makarantar firamare, yawan ɗalibanta ya tashi daga ƙasa da miliyan 5 a 2001 zuwa sama da miliyan 7 a 2005.

Maƙwabtanmu ma sun samu. Nijar da Ghana sun kammala shirin a 2004, Kamaru a 2006, Chadi a 2015. A 2005, bayan wani sabon gangami da ya gaji na Jubili, taron G8 na Gleneagles a Birtaniya ya amince a soke bashin wajen dala biliyan 40 da manyan cibiyoyin kuɗi ke bin ƙasashe 18, ciki har da Nijar da Ghana.

Najeriya ba ta cikin HIPC, saboda ana ganin tana da man fetur. Nata cinikin daban ta yi da ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi da ake kira Paris Club, ƙarƙashin Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. A watan Oktoban 2005 aka cimma yarjejeniya: daga bashin wajen dala biliyan 30, aka yafe biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12. Wajen dala biliyan 1 da aka daina fitarwa duk shekara aka ce a karkata ta ga ayyukan MDGs, ofishin da Hajiya Amina Mohammed ta riƙe, wadda daga baya ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba masu gangamin Jubili ne suka zauna a teburin cinikin ba. Amma shekarun da suka yi suna magana ne suka sa yafe bashi ya zama abin da shugaban ƙasa mai arziki zai iya yi ba tare da mutanensa sun juya masa baya ba.

Inda aka gaza

Ba a cika burin gangamin ba a 2000. Ƙasashe da dama sun jira shekaru kafin su ga sassaucin, kuma sai da suka bi sharuɗɗan IMF, irin waɗanda masu gangamin ke kuka da su tun farko. Wasu sun soki yarjejeniyar Najeriya, suna cewa bai dace ƙasashe masu arziki su karɓi dala biliyan 12 cikin 'yan watanni daga ƙasar da miliyoyin yaranta ba sa zuwa makaranta ba. Wasu 'yan gwagwarmaya na Afirka da Kudancin Amurka sun kafa tasu ƙungiyar mai suna Jubilee South, suna cewa kalmar "yafewa" ma ba ta dace ba, tunda an riga an biya bashin ninki-ninki. Akwai kuma masu cewa in ka yafe wa gwamnati marar riƙon amana, gobe za ta sake ci.

Wannan tsoron na ƙarshe bai zama banza ba, domin bashin ya dawo. Zambiya ta kasa biya a watan Nuwamban 2020, Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022, Habasha ta bi sahu a ƙarshen 2023. Bashin waje na Najeriya ya haura dala biliyan 40. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe kuɗi a biyan ruwan bashi fiye da yadda suke kashewa a ilimi ko lafiya. Masu bin bashin ma sun canza: yanzu akwai China da kamfanonin kuɗi masu zaman kansu, waɗanda sarƙar mutane a titin Ingila ba lallai ta motsa su ba. Shi ya sa da Fafaroma Francis ya shelanta 2025 a matsayin shekarar Jubili, ya sake roƙon ƙasashe masu arziki su yafe bashin da ba za a iya biya ba.

Abin da ya rage gare mu

Ƙannena, abu biyu na ɗauka daga wannan labari. Na farko, mutanen nan ba su tsaya ga wa'azi ba. Sun zauna sun koyi lissafi: nawa aka ranta, nawa aka biya, nawa ke tafiya asibiti, nawa ke tafiya ga masu bin bashi. Tsohuwar da ta je Birmingham tana iya faɗa wa ɗan majalisarta waɗannan alƙaluma. Tausayi ne ya fito da ita daga gida, amma lissafin ne ya hana a sallame ta da daɗin baki. Don haka duk wanda ke cewa darasin lissafi ko na tattalin arziki ba ya da amfani, ya sake tunani.

Na biyu, a ƙasarmu mun saba jin sunan addini a labarin rikici, a Jos ko Kaduna ko Tafawa Ɓalewa. Ga labarin da mabiya wani addini suka buɗe littafinsu, suka ga umarnin da ya shafi mutanen da ba su taɓa gani ba, waɗanda miliyoyinsu Musulmi ne a Nijar da Mali da Senegal, suka tashi suka yi aiki da shi. Famfon da aka haƙa da kuɗin bai tambayi mai ɗibar ruwa addininsa ba.

Ga aikin da za ku iya yi a wannan zangon karatu. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, yana wallafa yawan bashin da ake bin kowace jiha a shafinsa na intanet. Ku roƙi malaminku na tattalin arziki ko na ilimin zaman ɗan ƙasa ya taimaka muku ku duba na jiharku, ku kwatanta da abin da aka ware wa ilimi a kasafin kuɗin bana. Ku kai batun ƙungiyar muhawara ta makaranta, ku gayyato 'yan MSS da 'yan FCS su zauna tare, kowa ya kawo abin da addininsa ya ce game da mai bin bashi da wanda ake bi. Rancen da ake sa wa hannu yau mai wa'adin shekara 20 ko 30 ne, kuma daga harajin da za ku biya in kun fara aiki za a cire shi. Kuna da haƙƙin ku tambayi me aka yi da shi.